Yoyon da Ba Ya Jiƙa Ƙasa

"Ba ni ba ce," ita ce maganar farko da ya ji daga bakinta, tun ba ta gama turo ƙofar ɗakin sabar ba, inda manyan kwamfutocin kamfani suke.

Ya ɗago kai daga allon kwamfuta. Ɗakin sanyi ƙalau, injuna na gurnani a jere, ga budurwa tsaye ta rungume laftof kamar za a ƙwace mata. Ita ta rubuta manhajar da mutane ke kiran motar haya da ita a kamfanin. Shi kuwa aikinsa gadin injunan da manhajar ke gudana a kansu, har abokan aiki sun laƙaba masa Mai Gadi.

"Ban ce ke ba ce. Zauna ki gani."

Ya nuna mata wani layi a allon, yana ta hawa kamar tudu.

"Wannan wurin da manhajarki ta kama ne a ƙwaƙwalwar inji. Ban buɗe rubutunki ba, injin na tambaya. Da safe masu kiran mota sun yi yawa, ta karɓi wuri, ba laifi. Da rana sun ragu, ya kamata ta mayar. Kin ga ta sauko?"

Ta matso ta ƙura wa layin ido.

"Aro take ba ta mayarwa. Yoyo ke nan. Ranar da ta cinye wurin duka, injin da kansa zai kashe ta."

"Yoyo? To ina ruwan?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar ya sa mata suna Ba-Ni-Ba, ita kuma, don tsabar gardama, kullum sai ta sauko ta duba layin da idonta. Wai aiki! Layin na hawa, wani abu ma na hawa, kowa a ofis ya gani sai su biyun.

"Ba-Ni-Ba, yau ba ki sauko ba. Ɗakin ya fi kullum sanyi," ya rubuta mata wata rana.

"Mai Gadina, ka yi gadin injuna ka bar zuciyar mutane," ta mayar.

"Ai ta riga ta shigo, kuma na kulle ƙofa."

Har ya je gida ya gaida iyayenta, magana ta fara nisa. Sai tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa. Ta bar waya a falo ta shiga wanka, saƙon Mai Gadi ya shigo, Mama na kusa ta karanta:

"Kullum ƙara kumbura take yi, ni na gaji da ita. In ta kai ƙarshen mako a haka, kashe ta zan yi in tada wata. Kar ki gaya wa kowa tukuna."

Mama ta ɗora hannu a ka tana salati. Kafin Ba-Ni-Ba ta fito, Baba ya karanta saƙon ya maimaita.

"Baba, wallahi manhaja yake nufi! Haka ake faɗa a wurin aiki."

"Ni za ki mayar yaro? Inji ne ke kumbura? Da furfurata a ce min ƙarfe na yin ciki?" Baba tsohon mai gyaran famfo ne, abin da hannunsa bai taɓa ba, bai yarda da shi ba. "Daga yau na yanke. Ba kira, ba saƙo, ba zuwa."

Mai Gadi ya zo ba da haƙuri, aka ce Baba ba ya nan, ga takalmansa a bakin ƙofa. Yaron kirki ne, bai ja ba. Ya nemi a mayar da shi reshen kamfanin da ke ƙarshen gari don kada ya sa ta saɓa wa mahaifinta. Ko sallama ba su yi ba.

Kai, kewa ba ta da kirki. Takan sauka ɗakin sabar ta tarar da kujerarsa an juya ta ga bango, kofin shayinsa na nan inda ya bari. Abinci ya daina shiga. Abin da ya rage tsakaninsu rahoton aiki ne kawai, wanda yake aiko wa duk ofis: yau manhaja ta kama wuri kaza, ba ta sauko ba. Lambobi zalla, amma ita sai ta karanta ta sake karantawa, tana neman muryarsa a ciki.

Manajan ofis, wanda ake kira Kashe-Kunna a bayan idonsa don maganin kowace matsala a wurinsa ke nan, ya ga fili ya samu.

"Manhajar nan a riƙa kashe ta ana kunnawa kowace safiya, shi ke nan. Ke ma haka za ki yi. Ki share komai ki fara sabo. Ni a shirye nake."

"Ranka ya daɗe, kashewa da kunnawa ba ya toshe yoyo. Ɓoye shi yake yi."

Mai Gadi ma ya ƙi. Ya roƙi a bar masa kwafi ɗaya na manhajar yana gudana ba a taɓa shi ba, don sai da ranta ake gane ciwonta. Ya bi taswirar ƙwaƙwalwar injin a hankali, ya ga ƙananan wurare birjik, duk girmansu ɗaya, an kama ba a saki ba. Rannan rahotonsa ya zo da ƙarin layi:

"Na gano bakin yoyon. Duk wanda ya gama kiran mota ya rufe, manhajar na sakin wurinsa. Amma wanda layinsa ya yanke bai yi sallama ba, sai ta ajiye masa wuri, tana jira ya dawo. Ba ta san yadda ake daina jira ba."

Ta karanta a teburinta, hawaye ya ɓalle mata a gaban kowa. Gyaran bai ɗauke ta wuni guda ba. Nata ciwon ne ba ta san inda za ta taɓa ba.

Da yamma tana zaune a tsakar gida, laftof a cinya, ta zuba wa layin ido. Baba ya zo wucewa ya tsaya a bayanta.

"Wannan tudun fa?"

"Ita ce mai kumburin, Baba. Ga ta kafin gyara, ga ta yanzu ta sauko."

Ya jawo kujera. Ta nuna masa yadda ake bari sai masu kira sun ragu, sannan a duba ko lambar na ci gaba da hawa. Baba ya shafa gemu.

"Ai wannan aikina ne. In ana zargin bututu a cikin bango, rufe duk famfunan gida ake yi a je a tsaya gaban mitar ruwa. In tana tafiya, akwai yoyo, ko ƙasa ba ta jiƙe ba." Ya sake duban allon. "Ashe yaron nan ɗan sana'armu ne. To kashewar fa?"

"Kamar rufe babban famfo ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya dube ta sosai, ya ga yadda wuyanta ya zube, zoben hannunta har juyawa yake.

"Uwata, ni ma na yi gwajin ban sani ba. Na rufe kira, na rufe saƙo, na rufe ƙofa. Watanni ke nan, ga mita tana ta tafiya a gabana." Ya miƙa mata wayarsa. "Kira min shi. Ki ce Baba na nan, da shi da takalmansa."

Mama daga ɗaki ta ce, "Ni dai a gaya masa ya riƙa rubutu irin na mutane!"

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun ango ya sa musu albarka, ya ce Allah Ya toshe duk wata ɓaraka a tsakaninsu, Ya ba su zuri'a mai albarka. Jama'a suka amsa da amin, har da Kashe-Kunna a sahun baya.

Da suka keɓe a sabon falonsu, kwalaye ko buɗewa ba a gama yi ba, ya dube ta yana murmushi.

"Ba-Ni-Ba, wa ya ajiye min wuri duk watannin nan?"

Ta sunkuyar da kai, a hankali ta ce, "Ni ce."