Hoton Baba Tela a Jikin Mota

Ranar da motar majami'a ta sauke shinkafa da wake da mai a filin makarantar unguwar, masu aikin sa kai da suka zo daga wata ƙasa kowa ya kama buhu. Ban da Mai Kyamara. Shi aikinsa ya ɗauki hoton duk wanda ya karɓa, a aika wa 'yan ikilisiyar da suka tara gudummawar can gida.

Yana cikin cewa "a yi murmushi" sai wata budurwa ta rufe masa kyamara da tafin hannu.

"Malam, yunwa suke ji, ba biki suka zo ba."

Ya ɗago ya kalle ta. 'Yar telan unguwar ce, ita ke taya su jera mutane a layi. Kafin yamma gogan naku ya karɓi lambarta, wai saboda aiki. Ga aikin da ya tura mata ta saƙon waya:

"Tun da kika taɓa kyamarata, duk wanda na ɗauka ke nake gani."

"To kai ta gyara, ta lalace," ta amsa.

Ya rungume wayar yana dariya shi kaɗai. Wasa-wasa ta koma kiransa Baƙona, shi kuma Haskena, har ya ƙi bin ayarin da ya koma gida. Aka sa ranar da zai je gaida babanta, wanda bai taɓa sani ba.

Ana nan sai majami'a ta buga ƙaton ƙyalle don jikin mota, da hoton da Mai Kyamara ya fi alfahari da shi: wani dattijo da buhu a ka, gumi sharkaf, an rubuta "Ka ciyar da mabukaci". Direban motar, wanda ya daɗe yana son yarinyar, ya gane dattijon sarai. Ranar gaisuwar ya faka motar daidai ƙofar shagon tela.

Mai Kyamara ya shiga da takalminsa mai sheƙi, ya ga dattijon hoton zaune a kan keken ɗinki.

"Kai ne mai hoton?"

"Ni ne, Baba."

"Buhun maƙwabciyata ne na ɗaukar mata, ƙafarta ke ciwo. Tun ba a haife ka ba nake ci da gidana da wannan keken. Ka tambaye ni ko ni ke da buhun? Yanzu yara na bi na suna cewa a ciyar da ni. Tashi ka ba ni wuri."

Bai kai masauki ba saƙonta ya shigo:

"Baba ya ce kar ya ƙara jin sunanka. Ina sonka, Baƙona, amma ka kunyata shi, kuma na faɗa maka tun ranar farko."

Kuka ya yi, ba ɓoye-ɓoye. Ya cire ƙyallen da hannunsa, ya roƙi Fasto a daina ɗaukar kowa sai da yardarsa, sannan ya koma shagon ya durƙusa cikin ƙyallaye. Baba Tela ya gama kafa hannun riga tukuna.

"Ranar rabo ka bi layi. Daga ƙarshe."

Haka aka yi. Ya tsaya cikin rana tsakanin tsofaffi suna tsokanarsa, "Ɗana, matso, kar abinci ya ƙare ka rasa." Da layi ya zo kansa sai ga Baba Tela a bakin tebur, kyamarar rataye a wuyansa.

"Me kake bukata?"

"'Yarka, Baba."

"Ban ji ba."

"'Yarka nake so!"

Filin ya kaure da shewa. Baba ya sa aka ɗora masa buhu a ka, ya danna kyamara, hoton ya fito rabin kai babu. Haskena ta ɓoye fuska, tana dariya tana share hawaye. Direba dai ya ce yana da aiki a gareji.

Ranar ɗaurin aure a majami'a, bayan Fasto ya yi addu'a, Baba Tela ya dafa kawunansu.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma ki riƙa cika masa kwano. Mabukaci ne, ni na gan shi a layi."