Odar da Ta Fito da Sunan Auta

Tabarau na koma ɗaukowa. Na manta shi a kan teburin yankan fata, ni kuwa ko lambar waya ba na iya karantawa sai da shi. Rana ta faɗi, ba a kai ga kiran magariba ba, masu shagunan layinmu duk sun ja ƙofofinsu.

Shagon takalma ne, gadon mahaifinmu, ni da ƙanena Auta. Ni na koya wa yaron nan riƙon basilla. Sai ga shi wata rana ya zauna da wayarsa ya haɗa wata manhaja, wai ba sai ka iya harshen kwamfuta ba, ja kawai kake yi kana ajiyewa kamar mai jera bulo. Ya sayo 'yar ƙaramar firinta ya ɗora a kan kanta, ya haɗa su. Mutum yana kwance a gidansa zai zaɓi launi da lambar ƙafa, ya danna, nan take firinta ta yi ƙirrr ta turo takarda. Ƙa'ida ɗaya ya kafa: wanda ya yage takarda, aikin ya hau kansa.

Har nan ban ce uffan ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro wani ɗan gurbi ne da ya saka a ƙarshe: wa kake so ya ɗinka maka, Yaya ko Auta?

"Don adalci ne, Yaya," in ji shi.

Na kuwa ga adalci. Da can in mutum ya shigo ya tarar da ni zaune, kunya takan sa ya miƙo mini ƙafarsa. Waya ba ta san kunya ba. Ni ne kusa da kanta, don haka ni nake leƙa takardar in ɗaga murya, "Auta! Taka ce." Safe da yamma haka nake kiran sunansa kamar ɗan aikensa. Ina kishinsa, ba zan ɓoye ba, kishi irin wanda in aka yabi ɗinkinsa sai abinci ya fita raina. Innarmu ma takalminsa take sawa zuwa biki, nawa kuwa na shiga banɗaki ne.

Na buɗe kwaɗo na shiga. An ɗauke wuta tun la'asar, shagon duhu. Warin gam da na sabuwar fata suka tare ni kamar kullum, amma a ƙarƙashinsu akwai wani wari da ban sani ba, kamar na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Na lalubo tabarau na saka.

Ƙirrr.

Na tsaya cak. Firintar nan ba ta da batir.

Na haska da wayata. 'Yar fitilarta a mace take, amma takarda tana fitowa a hankali. Na matsa na karanta: "Takalma na dukan gida, manya da yara. Za a zo awo yanzu. Mai ɗinki: Auta."

Mai hankali da tuni ya kai bakin titi. Ni kuwa abin da idona ya gani shi ne "dukan gida", da sunan nan a ƙasa. Aiki irin wannan ma shi za a ba? Na sa hannu na yage ta.

Kullum da ɗumi takardar take fitowa. Wannan sanyi ƙalau.

Wayata ta mutu a hannuna. Bencin da masu awo ke zama ya yi ƙara, kamar an sauke masa buhu. Ban ji shigowar kowa ba.

"Sannu da aiki, Auta."

Muryar ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin randa. Na buɗe baki in ce ba ni ba ne. Amma yadda ya faɗi sunan, da girmamawar da ban taɓa samu ba a shagon ubana, sai na ji kaina ina cewa, "Yawwa, sannu da zuwa."

"Auna."

Na durƙusa na laluba. Na taɓa ƙafa, doguwa, mai sanyi. Na bi ta da hannu ina neman yatsu, sai na ci karo da diddige.

Yatsun suna baya, a ƙarƙashin benci. Na ji sun motsa.

Sai na fara jin sauran. Ƙananan ƙafafu suna taka guntayen fata. Wani yana numfashi a ƙeyata. Shagon da mutum uku ke cika shi, ya cika maƙil.

"Kullum muna jin ana kiran sunanka ta cikin bango," in ji na kan benci. "Mu masu tafiya ne, ƙafarmu ba ta hutawa. Ka yage takarda. Za ka bi mu."

"Zuwa yaushe?" na tambaya.

"Ba a dawowa."

Kalma uku za su fitar da ni: ni yayansa ne. Na kuma san gidan da za su nufa daga nan, inda Auta yake zaune yanzu da matarsa da jaririyarsu. Shago zai zama nawa ni kaɗai. Wallahi maganar ta zo har kan harshena, na ji ɗanɗanonta.

Na cije leɓe har na ji gishirin jini.

"To," na ce. "Mu je."

Hannu ya kama wuyan hannuna. Ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin gwiwoyina.

"Dakata."

Muryar tsohuwa ce, daga wajen ƙafata. Aka zare mini takalmin dama, wanda na ɗinka wa kaina. Na ji farce yana bin ɗinkin, ƙas, ƙas, ƙas. Aka shinshina shi.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni."



Sai wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka.

"Ya karkace a diddige," in ji tsohuwar. "Wannan ko bakin titi ba zai kai mu ba. Ba shi ba ne."

Aka sake ni. Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Na rarrafa, na bugi ƙofa da kai, na faɗa kan titi da takalmi ƙafa ɗaya.

Zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na tashi, ban gaya wa Auta komai ba, sai dai na ce ya cire gurbin sunan nan daga manhajarsa. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da na fi tsana, ya ce, "Ba komai, Yaya." Ya ɗauka kishi ne. Na bar shi a haka, tunda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Yanzu takardu ba suna suke fitowa, kuma ban ƙara kiran sunansa da ƙarfi a shagon ba. Rana na yin sanyi nake kora shi gida, ni nake rufewa.

Takalmin nawa a gefen firinta Auta ya tsince shi, an kwance ɗinkin diddigen gaba ɗaya.

"Yaya, kawo in gyara maka," ya ce.

Na so in fizge abina. Sai na yi tunani, na miƙa masa ɗayan ma.

Su nake sawa kullum in zan rufe shago. In suka dawo suka duba ƙafata, wannan karon za su yarda ni ne Auta. Abin da ke ci mini rai shi ne, tunda nake sa takalmi ban taɓa sa mai daɗinsu ba.