Zagaye Ɗaya a Babban Lilo

"Zagaye ɗaya fa, Auta! Shi kaɗai nake roƙo."

"Dogo, ka san ba na barin Baba shi kaɗai..."

"Kullum Baba! To ni fa? Aikin nan da na samu a nesa ba zai jira ni ba. Mu hau sama ki ba ni amsa, inda babu mai ja miki hannun riga."

Auta ta dubi mahaifinta, wanda suka zo da shi wurin wasan yara. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi, ita ce idonsa, ita ce ƙafarsa. Amma tana da dabara guda: in ta ba shi abu ya riƙe, ba ya motsi sai ta dawo. Ta zaunar da shi a benci cikin inuwa, ta ɗora masa jakarta a cinya.

"Baba, amana ce. Riƙe mini."

"Amana," in ji shi, ya rungume jakar kamar jariri.

Babban lilon wurin wasan kamar tayar keke yake, wadda wani ƙato ya kafa a tsaye ya manta da ita. Kwandunan ƙarfe ne rataye a jikinsa. Suka shiga ɗaya, ƙasa ta fara ja da baya.

"Sanyin idona," in ji Dogo a hankali, "yayarki ta ce za ta samo mai kula da shi. Ki ce e, a ɗaura mana aure mu tafi."

Iska ta taɓa mata fuska. Rabonta da jin kafaɗunta babu nauyi har ta manta. Ta buɗe baki, "e" ɗin yana kan harshenta...

Gau! Lilo ya tsaya cak. Kiɗa ya mutu. Takalmin wata mata ya suɓuce, ya yi ta juyi cikin iska kamar yana zaɓen inda zai sauka.

Muryar mai lilo ta taso ta lasifika: "Jama'a, kowa ya zauna! Inji ne ya tsaya, da hannu za mu juya. In mun sauke kwando ɗaya, sai na can ɗaya ɓangaren, kada nauyi ya rinjayi gefe guda ya ƙwace mana."

"Kin gani? Allah ma ya ƙara mana lokaci," Dogo ya yi dariya.

Ba ta ji shi ba. Idonta na kan farar hular Baba can ƙasa, ƙarama kamar ƙwayar gishiri. Rana ta gusa, inuwa ta bar bencin. Sai hular ta miƙe.

"Baba! Baba, zauna!"

Iska ta kwashe muryar.

Aka juya, aka juya, har kwandonsu ya zo dab da ƙasa. Auta ta kama ƙofa tana jijjigawa.

"Malam, buɗe mini! Babana ba shi da lafiya, ya tashi!"

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, layinku bai zo ba." Gumi na zuba daga haɓar mai lilo. "In na sauke ku yanzu, gefen can ya rinjaya, kuma yara ne a ciki."

"To ka aika wani!"

"Duk hannunmu na kan ƙarfe!"

Ƙasa ta sake ja da baya. Da suka kai sama, benci wayam. Dogo ya miƙo hannu, ta janye nata.

Da aka sauke su, ko mayafinta ba ta tsaya gyarawa ba. Ta duba bakin ƙofa, ta duba wurin masu alawa, Dogo na gudu yana tambayar masu gadi. A wurin dawakan katako masu zagayawa da yara ta same shi, tsaye jikin shinge, jakar na ƙirjinsa. An kashe injin dawakan su ma, babu kowa a kansu.

"Baba..."

"Yarinya, ɗan matsa, kin tare mini," in ji shi da murmushi. "Autata ce a kan farin can. Ta ce zagaye ɗaya za ta yi. In ta sauko ba ta gan ni ba, kuka za ta yi."

Hawaye suka zubo mata. Dogo ya iso yana haki, ya tsaya a bayanta.

"Alhamdulillahi! Ai ga shi lafiya. Auta... amsata fa?"

"A sama na so in ce e, wallahi na so." Ba ta juyo ba. "Ka tafi, masoyi. Allah ya haɗa ka da wadda babu mai jiranta a benci."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ta ji takunsa na nisa.

"Kukan me kike yi?" Baba ya tambaya. "Ke ma wani kike jira?"

"A'a, Baba. Taya ka jira zan yi."

Ta kama shingen kusa da hannunsa, suka zuba wa farin dokin ido.