Ranar da Maharazu Ya Durƙusa

Tas!

Marin da na kwaɗa wa Yaya Badaru sai da masu awon gero a rumfar Babanmu suka juyo.

"Maimaita abin da ka ce!"

Ya dafe kunci yana murmushin mugunta.

"Na ce saurayinki ciwon mata ke cin shi. Matan tashar manyan motoci suka ba shi tsaraba, ga shi nan ya hau mashi kai. Ko ba ki ga yadda hannunshi ke rawa ba?"

Na rarumo tiya zan rotsa masa a goshi, Baba ya fizge ta ya tsinke ni da mari.

"Salmatu! Ɗan wana za ki buga saboda mahauci? In na ƙara jin sunan Maharazu bakinki sai na karya ki!"

Maharazu mahauci ne a kasuwar Jibiya, kuma ɗan dambe. A dambe, duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, shi kuwa tun da ya fara naɗe hannu ƙasa ba ta taɓa ganin gwiwarsa ba. Amma tun wani naushi da ya sha a gefen kai da kaka ya canza. Ciwon kai, amai, hasken rana ya dame shi, ya aza nama a wuta ya manta, ga fushi ba dalili. Yayarsa Fatsuma ta kai shi asibiti Katsina. Jininsa lafiya lau. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta sha jijjiga, naushi ɗaya nan gaba yana iya zama ajalinsa.

Yaya Badaru, mai kai fetur Maraɗi, ya daɗe yana nemana ina ƙi. Shi ya juya maganar ta koma ciwon sanyi, daga nan ta koma abin da ya fi haka. Aka daina sayen naman Maharazu. Abokansa na majalisa suka ware masa kofi, daga baya suka daina kiransa cin abinci.

Ni abin da ke ƙona mini rai, ko da ciwon ne, ba shi da magani ne? Masu raɓewa kemis suna sayen kafso a ɓoye, su ne suka fi kowa toshe hanci in ya wuce.

Da la'asar na saci jiki na same shi a rumfarsa. Shi kaɗai, sai ƙudaje.

"Salma... me ya sami fuskarki?"

"Bar fuskata. Gaskiya ne za ka shiga fili ranar kasuwa?"

Ya kau da kai. "Badaru ya ɗauko wani Abbas daga Maraɗi. Ya ce in lafiyata lau, in fito."

"Likita fa?"

"Likita shina cin abinci da ni ne?"

Ya kai wa teburin naushi, katakon ya tsage, wuƙaƙe suka watse. Na ja baya. Ya tsaya yana duban hannunsa kamar na wani.

"Yi haƙuri, hasken idona... ban san lokacin da fushin nan yake zuwa ba." Ya sauke hannun. "Salma, ni kaɗai nike cin tuwo. Yara gudu suke in na miƙa masu hannu. Gara in mutu fili ana kiɗa mani takena."

"Ni kuma ka bar ni da wa?"

Ina son mutumin nan kamar raina, amma a ranar ji na yi kamar in shaƙe shi.

Ranar kasuwa fili ya cika har kan katanga. Na kutsa cikin mata masu sayar da fura. Can gaba na hango Baba, Yaya Badaru ya jawo shi ya ga abin da yake kira ƙarshen ƙarya.

Kalangu ya ɗauki taken Maharazu. Ya fito, hannun dama naɗe da zare, idanunsa a ƙanƙance saboda rana.

Turmin farko ya fasa wa Abbas leɓe, jini ya wanke masa ƙirji. Fili ya ɗauki ihu.

A turmi na biyu Abbas ya goge shi a kunne. Gogewa kawai! Amma na ga ƙafafun Maharazu sun harɗe, ya saki hannun garkuwa, yana duban gefe, inda babu kowa.

Abbas ya ja hannu baya.

Ban san lokacin da na tsallake mutane ba.

"Kar ka buge shi!"

Naushin da aka shirya wa kan Maharazu ni ya samu. Na ji ƙas a kumatuna, duniya ta kife, bakina ya cika da jini da ƙasa. Kiɗa ya tsaya cak.

Ƙarar da Maharazu ya yi ba ta mutane ba ce. Ya watsar da alƙalin wasa, ya yi kan Abbas, shi ma ya gyara tsayuwa. Na san in suka sake haɗuwa gawa za a ɗauka.

Na ja jiki na kama ƙafarsa.

"Maharazu... dube ni."

"Sake ni, Salma! Sai na kashe shi!"

"In kana sona... sa gwiwarka ƙasa."

Ya dube ni kamar na soka masa wuƙa.

"Gaban mutanen nan? Cewa za su yi gaskiyar Badaru ce."

"Su ce! Ni miji nike so mai rai."

Na tofar da haƙori a gabansa. Ya dubi haƙorin, ya dubi jama'a, hawaye suna bin gemunsa.

Sai ya durƙusa. Da gwiwa biyu.

Fili ya kaure da ehoho. Aka fara jifansa da ledar ruwa da ɓawon rake, wani dutse ya fasa masa gira. Bai ɗago ba, ya sa haƙora yana warware zaren hannunsa, ya danne mini rauni da ƙyallen da ke ƙarƙashin zaren.

"Ka gani ko, Baba?" Muryar Yaya Badaru ce. "Ciwon ya cinye..."

Ban ga marin ba, ƙararsa na ji.

"Ɗiyata na kwance cikin jini kana murna?" in ji Baba. "Ɓace mani da gani!"

A asibiti aka ɗinke ni, aka ɗaure mini muƙamuƙi. Washegari Innarmu ta kawo tuwon gero da miyar kuka, ni kuwa ko koko da ƙyar nake zuƙa. Ta taga ina ganin Maharazu zaune can ƙarshen baranda, nesa da kowa, yadda ya saba yanzu.

Baba, da ke gefen gadona, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗauki kwanon ya fita, ya dire shi a gabansa, ya zauna a ƙasa.

"Fatsuma ta faɗa mani abin da likita ya ce. Ka bar dambe?"

"Na bari, Baba."

"To ka turo magabatanka in ta warke."

Maharazu ya sunkuyar da kai, ya ɗan ja baya daga kwanon. "Bari in nemo wani mazubi, a ɗibar mani gefe..."

Baba ya buɗe murfin, ya tura masa buta.

"Wanke hannu, sa nan inda nike ci."

Ya wanke hannu, ya gutsuri lomar farko. Ni kuwa kuka nake son yi da ƙarfi, ɗaurin bakina ya hana ni.