Fuskar Na Uku

Wata Laraba ce cikin azumin shekarar 2006. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Younoussa tela ya sauka daga bas a babbar tashar Greensboro, ya taka zuwa titin Elm, jakar allurai a kafaɗa, dabino uku a aljihu. Aikin awa ɗaya ya rage masa. Ya riga ya gaya wa matarsa Fourera ta biyo ta ɗauke shi in ta tashi daga shif ɗinta na gidan kula da tsofaffi.

Younoussa mutumin Damagaram ne, shekararsa tara a Amurka, kuma a cikin taran nan babu abin da ya gani wanda bai ce akwai wanda ya fi shi a Zinder ba. Yana da tsagar gado, uku a kowane kunci. Mahaifiyarsa, Inna, ta makance tun yana goye, saboda haka da yatsa ta san shi. Duk inda ya dawo sai ta shafa kumatunsa ta ƙirga, sannan ta yarda shi ne. Bayan sallah zai je gida, karo na farko tun fitowarsa. Tikitin ma yana cikin akwati.

Aikin a wani ƙaramin ɗakin nune-nune yake, tsohon kantin kujeru da aka gyara. Mai kula da wurin wata Baturiya ce siririya mai tabarau, Christy, wadda ta daɗe a Japan. Ta kawo kayan wani ɗan wasan kabuki, wato wasan dandamalin Japanawa wanda maza zalla ke yi, ta ɗauki Younoussa ya kama mata riguna inda zare ya saki. Kwana shida yana ɗinki tana ba shi tarihi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Sunan mutumin Minegawa Sakichi na Uku. Younoussa ya gaji da murɗa harshe, ya yanke shi zuwa Na Uku. A cewar Christy, sunan gadonsa ake yi kamar sarauta. Yana ɗan shekara shida ubansa ya fara hawa da shi dandamali. Da ya zama saurayi sai ya riƙa fitowa a matsayin mace, har matan birni suna kwaikwayon tafiyarsa. Yana da talatin aka ba shi sunan, ya koma fitowa jarumi mai jan zane a fuska. Da tsufa ya zo kuma babu abin da yake fitowa sai fatalwa, da shuɗin zane. Shekara hamsin da biyar yana kan dandamali. Bai haihu ba, bai bar almajirin da ya isa ba, saboda haka ba a yi Na Huɗu ba.

Ta nuna masa wasu 'yan katakai biyu a cikin gilashi mai makulli. Ta ce da su ake rufe wasa. A buga a hankali, a ƙara sauri, sannan a tsaya a buga guda ɗaya. In ba a buga ɗayan nan ba, wasa bai ƙare ba. Ranar wasan Na Uku na ƙarshe, shekara ɗari da ashirin da suka wuce, ya tsaya cak a tsakiyar dandamali kamar yadda suke yi, ido ɗaya a karkace, numfashi a riƙe, yana jiran katako. A tsayen nan zuciyarsa ta tsaya. Mai katakon ya ruɗe ya yar da su ya gudu. Wani daga cikin mutanensa ya ɗauko siliki ya danna a fuskar gawar, don al'adarsu ce su ɗauki hoton kwalliyar ɗan wasa a ƙyalle bayan an tashi.

Younoussa ya kai labarin gida, unguwar Glenwood, yana dariya. Ya ce wa Fourera bori ne kawai, sai dai nasu da tikiti ake shiga. Ya yi ta kwatanta mata bugun katakon a kan teburin cin abinci, a hankali, da sauri, har miya ta huce. Ita kuwa ta ɗaga ludayi ta ƙwanƙwasa tukunya sau ɗaya ta ce wasa ya ƙare, ya ci abinci.

To, silikin nan shi ne aikin da ya rage.

Christy ta shimfiɗa shi a teburin ɗakin baya, ta ce ya kama bakinsa a jikin wani farin yadi, da safar hannu, kuma kada ruwa ya kusance shi ko ɗigo. Tana da taro, ta bar ƙofar baya a sake saboda Fourera, ta tafi. Younoussa ya dubi ƙyallen. Fari ne da ya tsufa ya koma ruwan ƙwai, da wasu shuɗayen layuka kamar jijiyoyi, da gurbin ido biyu. Ya ce a ransa ko tsumman goge keken ɗinkinsa ya fi wannan tsabta. Ya ciro hankicinsa ya ajiye a gefe, ya zare allura.

Bai yi rabi ba agogon hannunsa ya yi ƙara. An sha ruwa.

Ya ci dabino, ya kurɓi ruwa a famfon da ke kusurwar ɗakin, ya naɗe hannun riga ya yi alwala. Ruwan Oktoba ne, da sanyi. Fitilar ɗakin irin mai kashe kanta ce in ta daɗe ba ta ga motsi ba, kuma ta zaɓi wannan lokacin ta mutu. Ruwa na ɗiga daga girarsa, ya lalubo tebur a cikin duhu-duhu, ya ji ƙyalle, ya ɗauka ya danna a fuska da tafi biyu, yadda ya saba.

Hankicinsa ba ya da laushi haka.

Ya janye da sauri. Silikin ya ɗan manne kafin ya saki, kamar fatar da ke kan madarar da aka tafasa.

Fitilar ba ta dawo ba, ko da ya ɗaga hannu ya kaɗa mata.

Sai wari. Tsohon mai, da garin shinkafa, da hayaƙin kyandir. Ba daga ɗakin yake zuwa ba. Daga fuskarsa yake.

Ya koma famfo ya wanke, ya sake wankewa. Fatar ta yi sanyi ta yi nauyi, kamar an shafe ta da laka. A jikin ƙarfen famfon ya hango wani abu fari mai shuɗin zane yana kallonsa.

Can cikin babban zauren, inda aka jera rigunan a kan sanduna, wani ya yi tari.

Wani ya amsa da nasa tarin. Sai motsin tufafi, da ƙus-ƙus, irin na mutane da yawa da suka daɗe a zaune suna jira.

Younoussa ya buɗe baki zai nemi tsari. Abin da ya fito wata doguwar murya ce mai rawa, daga ƙasan ciki, cikin harshen da bai taɓa koya ba. Zauren ya yi tsit.

Ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta. Ta sauka a katakon ƙasa, dum.

Ya fita zauren ba da sonsa ba. Hasken fitilun titi na shigowa ta babbar tagar gaba, motoci na wucewa, wata mata na jan kare. Duk yana ganinsu, ga su nan kusa. Hannayensa suka sauke wata riga ruwan toka daga sandarta, wadda shi da kansa ya kama wa wuya shekaranjiya. Suka zura masa ita, suka ɗaure ɗamara da wani irin ƙulli da bai taɓa gani ba. Ta zauna masa daidai, kamar shi aka auna.

Christy ta jera kayan bisa shekaru, daga ƙofa zuwa ƙurya. Ƙafafun suka bi layin.

Ya wuce 'yar rigar yaro. Ya tuna hannun wani uba mai warin taba yana tura shi cikin haske. Ya nemi fuskar nasa uban, mai keken ɗinki a bakin kasuwa, bai same ta ba.

Ya wuce rigar mata mai furanni. Gwiwoyinsa suka haɗu, wuyansa ya lanƙwashe, ya san nauyin gashin da ake ɗora masa. Sunan unguwarsu a Zinder ya fita daga kansa.

Ya wuce sulken jarumi. A cikin duhu wata murya ta kira suna da ƙarfi, wasu suka ɗauka. Ba Sakichi na Uku suke cewa ba. Bai san harshen ba, amma ya ji ƙirgen sarai.

Na Huɗu.

Ya kama Inna a ransa ya riƙe. Yatsunta masu kaushi. Ɗaya, biyu, uku. Ya ji kumatunsa na zafi kamar ana zare zare daga cikinsu.

Ƙofar baya ta yi ƙara. Ƙamshin kunun gyaɗa ya shigo.

"Malam?"

Fourera ce, cikin shuɗin yunifom ɗinta da mayafi, kula a hannu. Ta tsaya a bakin zauren. Ta fara cewa wane irin shashanci ne wannan da magariba, babba da shi. Sai ya juyo. Kular ta zame ta faɗi.

Bai iya tsayawa ba. Saura taku uku ya kai ƙurya, inda babu komai sai farin bango da wasu takalman katako a kan ɗan benci. Nan tarihin ya ƙare. Ya san abin da ke jiransa a wurin, don yanzu yana tuna shi kamar jiya.

Taku ɗaya.

Biyu.

A na uku ƙafar ta buga ƙasa, hannu ya miƙe, kai ya juya ya tsaya. Idonsa na hagu ya karkace ciki. Numfashi ya ɗauke.

Wani abu ya kama ƙirjinsa ya fara matsewa.

Amma a tsayuwar nan mai fuskar, Na Uku, ya yi shiru, yana sauraro, kamar yadda ya yi shekara ɗari da ashirin yana yi. Harshen ya saku kaɗan. Younoussa ya tattara abin da ya rage masa na Hausa.

"Katako," ya ce, da ƙyar. "Buga."

Ta ruga wurin gilashin. A kulle. Ta girgiza shi, ta dube shi, ta dubi mijinta. Leɓunansa sun fara baƙi a ƙarƙashin farin. Ta wawuri takalman katakon nan daga benci, ɗaya a kowane hannu.

Ƙwas.

Ƙwas.

Ta ƙara sauri, ƙwas ƙwas ƙwas, har sautin ya haɗe ya cika zauren. Ta tsaya tana haki.

Shiru.

Bai motsa ba. Duhu ya fara cin gefen idonsa. Yana jin su duka, ɗaruruwa, sun karkato gaba. Yana so ya ce mata saura ɗaya. Babu iska.

Fourera ta dube shi. Ta dubi kunun da ya malale a ƙasa, da ludayin da ya faɗo tare da kular.

Ta ɗaga takalman.

"Wasa ya ƙare," ta ce a hankali.

Ƙwas.

Fitilu suka kama gaba ɗaya. Younoussa ya zube kamar an yanke igiya. Wani dogon numfashi ya ratsa zauren, na wanda ya sauke kaya, ya fita ta ƙofar baya. Rigunan da ke kan sanduna suka ɗan kaɗa, suka tsaya.

Ta cire masa rigar ta ja shi zuwa mota. Babu fari a fuskarsa, babu shuɗi. Sai da suka tsaya a jan wuta ta kalle shi sosai a hasken titi, sannan ta mayar da idonta kan hanya har Glenwood.

Washegari Christy ta buga waya ranta a ɓace. Ta ce ruwa ya taɓa silikin, ya bar wasu siraran layuka baƙaƙe a kumatun hoton, uku a kowane gefe, kuma babu mai gyaran da ya san yadda za a fitar da su. Ba ta ƙara kiransa aiki ba. Shi ma bai ƙara bin titin Elm ba, ko a mota.

Likita ya duba shi ya ce zuciyarsa lafiya lau, fatar fuskarsa kuma sumul kamar ta jariri, har ya tambaye shi wane mai yake shafawa. A masallaci masu tsokana suka ce Amurka ta karɓi Younoussa, ya je an goge masa Damagaram da na'ura. Da can da ya rama. Yanzu murmushi kawai yake yi. Fuskar ubansa ba ta dawo masa ba, sunan unguwarsu kuwa a bayan wata tsohuwar ambulan ta wasiƙa ya karanto shi.

Bayan sallah ya tafi gida.

Ya sami Inna a tsakar gida a kan tabarma, ta ƙanƙance. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta saki carbi, ta miƙo hannu biyu tana dariya tana kuka. Yatsun suka sami goshinsa, suka gangaro kumatu.

Suka tsaya.

Suka koma sama suka sake gangarowa, a hankali, suna nema. Ya ce mata shi ne, Inna, shi ne Younoussa. Ya faɗi sunan kakarsa, ya faɗi sunan akuyar da ya yi kiwo yana yaro.

Ta janye hannayenta ta sa su cikin mayafi. Ta ɗan matsa baya a kan tabarmar.

"Muryar dai tasa ce," ta ce. "Ina ka baro min yaron?"