Abokin Tafiyar da Ya Juya

Jakarsa Tuva ta fara gani kafin ta ga fuskarsa. Wata ƙatuwar jakar goyo ce koriya, ta sauko daga jirgin ƙasa a tashar Otta tana rangaji, sai daga baya ƙafafu biyu suka bayyana a ƙarƙashinta.

"Kai ne Audun?"

"Ni ne."

"Abokin tafiya na ce ina nema, ban ce mai ƙaura ba. Me ka zuba a ciki, gidanku?"

"Igiya, tanti, magani, da abincin kwana uku na ko-ta-kwana."

"Kunkuru ke nan," in ji ta. Ya yi murmushi. Idanunsa ne suka tsaya mata a rai, idanun wanda ya daɗe rabonsa da barcin kirki.

Sanarwar da ta sa a shafin masu yawon dutse gajeriya ce: "Ana neman abokin tafiya. Kwana arba'in a ƙafa, daga Otta zuwa arewa, bukka zuwa bukka. Ba na son mai surutu, ba na son mai ƙorafi, ba na son mai juyawa. Tuva Brekke." Mutum bakwai suka amsa. Shida sun cika ta da labarin jarumtarsu. Audun kuwa layi ɗaya ya rubuto: "Na san hanyar har rabi." Shi ta ɗauka.

Wannan hanyar yayanta Eskil ya kama shekara uku da suka wuce, shi da wani da ya samu ta irin wannan sanarwar. A rana ta ashirin da uku abokin ya juya, Eskil ya wuce shi kaɗai. Bayan kwana huɗu aka tono gawarsa daga cikin dusar ƙanƙara a ƙarƙashin mashigin da muke kira Wuyan Doki. Tun daga ranar ba a ambaci sunan abokin ba a gidan babansu Halvor Brekke, sai dai "matsoracin nan". Tuva tana makaranta a Bergen lokacin, ba ta tambayi sunan ba. Tsanar ma ta ishe ta.

Da ta ce za ta ƙarasa tafiyar yayanta, sharaɗi ɗaya uban ya gindaya, kar ta tafi ita kaɗai. A ransa Jostein yake nufi, ɗan maƙwabcinsu mai gyaran tarakta, wanda ya daɗe yana zarya a gidan. Jostein ya ce ko gobe. Da ya ji kwana arba'in ne babu ruwan zafi, sai ya ce gara ya jira ta da mota a ƙarshen hanya.

Suka kama tafiya. Ita a gaba kamar ana korarta, shi a baya yana duba sama sau uku kafin ya ɗaga ƙafa. Ya sa mata suna Guguwa. A rana ta shida ƙafarta ta yi bororo, ta ɓoye, ya gane daga takunta. Ya zaunar da ita kan dutse, ya wanke ƙafar da ruwan rafi, ya ɗaure, ya yanka mata cuku mai ruwan ƙasa a kan burodi.

"Kai likita ne ko kakata?"

"Duk wanda zai sa ki zauna minti biyar."

Al'adarmu ce, duk bukkar da ka sauka akwai littafi a kan tebur. Ka rubuta sunanka, inda ka fito da inda ka nufa, don in ka ɓata a san ta inda za a fara nema. Kafin ka fita kuma ka jera itace a murhu saboda mai zuwa bayanka. Audun bai taɓa barin bukka bai jera itace ba, amma littafin kullum ita yake miƙa wa. "Rubutuna kamar kaza ta yi tono," in ji shi. Ita kuwa sai ta rubuta "Tuva da Kunkuru", ta ɗauka wasa ne.

Ranar da suka sami sabis a kan wani tudu, tana taku goma gabansa wayarta ta yi ƙara.

"Guguwa, ki rage sauri. Kunkurunki yana baya, amma zuciyarsa ta riga shi isa wurinki."

Ba ta waiwaya ba, ta rubuta: "To ka ce mata ta karɓar mini jaka, na gaji."

"Har yaushe?"

"Har ƙarshen hanya. In ta yi aikin kirki, har bayan nan."

Son gaskiya ta yi masa, irin na wadda ta shekara uku ba ta yi dariya daga ciki ba. A rana ta goma sha tara ta ɗauki hotonsu, kanta a kafaɗarsa, ta tura wa babanta. Ko shayinsu bai huce ba amsa ta shigo.

"Ki dawo gida yau. Kar ki ƙara taku ɗaya da mutumin nan."

Sai ga na Jostein a bayansa: "Babanki ya ƙi cin abinci. Faɗa mini inda kike in zo in ɗauke ki."

Ranta ya ɓaci, ta ɗauka haɗin baki ne. Ta rubuta: "Baba, cewa ka yi kar in tafi ni kaɗai, kuma ban tafi ni kaɗai ba. Jostein ya ci gaba da gyaran tarakta." Ta kashe wayar. Audun ya ga saƙon, ya buɗe baki, ya sake rufewa. Nan ya cuce ta, kuma ba zan wanke shi ba. Kwana goma sha tara yana da baki.

To, rana ba ta ƙarya. Da yammacin kwana na ashirin da biyu suka isa bukkar Tafkin Toka, ta ƙarshe kafin Wuyan Doki. Audun ya ɗauki bokiti ya tafi ɗibar ruwa. Tuva ta sauke tsofaffin littattafan da ke kan kanta, tana neman abin da ta taka duk wannan nisan dominsa. Ta same shi, rubutun yayanta mai manyan baƙaƙe.

"Eskil Brekke da Audun Moen. Gobe Wuyan Doki, ko sama ta so ko ta ƙi!"

A ƙasa kuma wani rubutu, tsaf da shi, ba na kaza ba.

"Hazo da iska. Na roƙe shi, ya ƙi. Ya wuce shi kaɗai ƙarfe tara. Na juya, zan sauka kudu in nemo taimako. Audun."

Ya shigo da bokiti ya tarar da littafin a buɗe.

"Kai ne," ta ce.

"Ni ne."

"Kwana ashirin da biyu kana yanka mini cuku, kana ɗaure mini ƙafa. Da hannun da ka saki yayana!"

"Ban riƙe shi ba, gaskiya ne. Na yi awa shida ina gudu kafin in sami sabis. Na zo jana'iza babanki ya tare ni a ƙofar coci. Na rubuta masa wasiƙa uku."

"Me ya kawo ka wurina? Neman gafara? A kaina za ka wanke zunubinka?"

"Na ga kin rubuta ba kya son mai juyawa. Na san wani zai amsa miki, wanda da gaske ba zai juya ba. Shi na ji tsoro."

"Matsoraci," ta ce. Kalmar gidansu ce, ta fito mata sumul.

Gari ya waye da hazo, iska tana kaɗa ƙofar bukka, ga dusar ƙanƙara ta fara yayyafi tun Satumba ba ta yi nisa ba. Duk yaron da ya yi firamare a ƙasar nan an koya masa cewa in daga jar alamar hanya ɗaya ba ka hango ta gaba, ka juya, babu kunya a juyawa. Tuva ta sani sarai. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan 'yan gidan Brekke gado ne. Ta goya jaka ta fita ko kofi ba ta sha ba.

Audun ya jera itace a murhu, ya bi ta.

Suka yi awa ɗaya suna hawa. A wani tarin duwatsu mai jan fenti ta tsaya. Gaba fari fat, ko hannunta in ta miƙa da ƙyar take gani.

"A nan muka rabu," in ji Audun daga bayanta. "Ya yi dariya, ya ce mini tsohuwa, ya raba cakulan ɗinsa biyu ya ba ni rabi."

"To juya mana. Ai ka saba."

"Ba zan juya ba. Ba kuma zan ce miki hanya tana da kyau ba. In kin wuce zan bi ki, kuma a ganina mu biyu za a tono." Ya kwance igiya daga jakarsa, ya ɗaura a ƙugunsa, ya miƙa mata ɗaya bakin. "Wancan karon na yi abin da yake daidai, Tuva, kuma tun ranar ban huta ba. Yau na zaɓi kuskure. Ɗaura."

Ta tsaya tana kallon igiyar. Da Audun ya yi haka shekara uku da suka wuce, da gida biyu aka yi makoki, kuma Eskil da dariyarsa zai ja shi. Yau ga shi ita ce za ta ja. Ta juya ga farin hazon ta ƙwala ihu.

"Eskil, wawa! An roƙe ka! Ka bar mu da Baba muna zagin wanda bai kashe ka ba!"

Iska ta kwashe maganar. Ta durƙusa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sannan ta miƙe, ta ɗaura igiyar, ta fuskanci gangara.

A bukka ta ƙyasta ashana ɗaya, itacen da ya jera ya kama. Ta jawo sabon littafi ta rubuta: "Tuva Brekke da Audun Moen. Hazo. Mun juya, mu biyu." Ta ɗauki hoton shafin nan da na tsohon littafin. Washegari suka wuni suna sauka. Da suka sami sabis ta tura wa babanta hotunan, sannan ta tura wa wanda ke taku goma a bayanta saƙo.

"Juyawar da ka yi na yafe, ba ma laifi ba ce. Shirun da ka yi mini kuwa zai daɗe. In za ka iya jira, jira."

"Kunkuru ne ni," ya amsa. "Jira sana'ata ce."

Halvor bai amsa nasa saƙon ba. Duk tsawon hunturu in Audun ya zo gidan, sai tsoho ya ɗauki gatari ya tafi faskare. Da hunturu ya wuce fushin Tuva ya sauka, aka sa bikinta da Audun a watan Yuni, a cocin katako na garinsu, babu wanda ya san ko uban amarya zai zo. Jostein ne ya tuƙa motar amarya, fuska a murtuke. Ya dai cika alkawarin jira da mota.

Halvor ya zo, ya zauna a bencin baya. A wurin cin abinci, lokacin jawabin uban amarya, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya miƙe, ya zaro wasiƙu uku daga aljihu ya ajiye kan tebur. Duk an farke bakinsu.

"Shekara uku na tsani yaron nan saboda ya dawo da ransa nawa bai dawo ba," ya ce. "In na ce muku ya fita daga raina duka, na yi ƙarya. Amma jiya na karanta waɗannan. Magana ɗaya ya faɗa wa 'ya'yana biyu. Ɗana bai ji ba. 'Yata ta ji, ga ta nan zaune."

Ya dafa kujerar da aka bari babu kowa a gefensa, ya dubi Audun ido cikin ido, karo na farko tun ƙofar coci.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin magana fiye da tawa. Duk inda za ku, ku tafi tare. In kuma hazo ya sauko, ɗana, ka dawo mini da ita."