Tsuntsu a Kan Tabo

"Anti 'yar sanda, in kika kulle Ummana, wa zai ƙarasa min kitson nan?"

Sufeto Zulaihat Gaji ta ɗago kai daga teburinta. Yarinya ce 'yar firit, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe, ta cukuikuye gefen mayafin uwarta.

"Yaya sunanki?"

"Humaira."

"To Humaira, hau bencin can ki riƙe min hulata. Magana kawai za mu yi."

Uwar, Hadijatu, mai lalle da kwalliyar amare ce, kusan duk macen da ke da waya a Gashuwa ta san shafinta na TikTok. Kusa da ita Hajiya Kaka ce tsaye, uwar amaryar da aka yi wa lalle jiya, tana huci.

"Sarƙa ce ta gwal da 'yan kunne da awarwaro aka sace wa amarya," in ji Hajiya Kaka. "Marigayi mahaifinta ne ya saya mata tun tana makaranta, ya ce sai ranar aurenta. Duk wanda ya shiga ɗakin nan namu ne, ban da wannan."

"Wallahi Hajiya ban taɓa ba." Hadijatu ta dafe ƙirji. Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta kife ta a cinya. "Wata amaryar ce kuma ta fasa. Tun safe ake yawo da hotona a WhatsApp, wai a yi hattara da ni. Ranki ya daɗe, ba ni da shago. Sunan nan shi ne shagona, da shi nake ciyar da yarinyar nan."

"Kin ɗauki bidiyo a ɗakin?"

Hadijatu ta saci kallon Hajiya Kaka.

"A'a. Hajiya ta hana."

Sufeto ta dubi jakar da ke ƙasa, inda fitilar ɗaukar hoto mai kamar zobe ta leƙo.

Da suka isa gidan biki, an bar tukwane a kan murhu, ba mai kula su. Amarya Fatimatuzzahra na zaune a bakin gado, lalle ya kama raɗau har gwiwar hannu, idonta ya kumbura.

"Ke kika cire sarƙar?" Sufeto ta tambaye ta.

"Da wane hannu, Anti? Lallen bai bushe ba, hannuwana suna sama, ko ruwa sai an ba ni a baki. Na gwada ta ne don ƙawaye su gani, sai yarinyar mai lalle ta ce bari ta cire min kada ta ɓaci. Ta sa a akwatin da sauran gwal ɗin suke, ta ce za ta kai wa Hajiya."

"Wace yarinyar?" Hadijatu ta zabura. "Ni ba ni da yarinya. Daga ni sai Humaira."

"Wadda ta shigo da jakarki mana," in ji Hajiya Kaka. "Siririya, mai dogon hijabi."

"A ƙofar gida ta tare ni, ta karɓi jakar, tana ta 'sannu da zuwa, Anti Hadija'. Ankonku ne a jikinta, Hajiya. Na ɗauka 'yar gida ce."

Hajiya Kaka da Hadijatu suka dubi juna.

"Wato ku kun ɗauka tata ce, ita ta ɗauka taku ce," in ji Sufeto. "Akwai wanda ya tambayi sunanta?"

Babu. A gidan biki wa yake tsare mai anko da tambaya?

Sufeto ta ja Hadijatu zuwa zaure, nesa da kunnen mutane.

"Ni ma ina da kamar Humaira a gida. Ba na son ta ga an rufe ki. Amma kin yi min ƙarya ɗazu."

Hadijatu ta sunkuyar da kai, ta miƙa wayar.

"Hannuwa kawai na ɗauka, ban da fuska. In ban ɗora aiki ba, ba mai kirana. Tsoron Hajiya ne ya sa na musa."

Sufeto ta koma baya cikin shafin. Ga hoton atamfar ankon, an ɗora tun makon jiya: *Alhamis muna Sabon Gari, lallen amarya Zahra.* A ƙasa wata mai hoton fure ta tambaya, *Anti a ina ake samun atamfar nan?* Hadijatu ta amsa da fara'arta: *Kasuwar Nguru, shagon Mahfuz.*

"Kin ba ta rana, kin ba ta unguwa, kin ba ta sunan amarya, kin nuna mata abin da za ta sa," in ji Sufeto a hankali.

Hawaye suka zubo wa Hadijatu.

Suka buɗe bidiyon jiya. Hannuwan ƙawaye na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan tsuntsu a wuyan hannu.

"Mene ne wannan?"

"Alamata ce. 'Yar Dagona ce ni, cikin tsuntsayen ruwa na taso. Duk wadda na yi wa lalle sai na sa mata, don in an gani a san aikina ne." Ta dakata. "Tsaya, ranki ya daɗe. Wannan! Hannunta ne. Kin ga tsuntsun ya fi sauran girma? Tabon ƙuna gare ta a wurin, tana ta ɓoyewa. Na ce mata kawo, 'yar'uwa, na buɗe masa fukafukai ya rufe tabon."

"Baƙin lalle ne?"

"Shi ne. Ba ya fita da wuri."

Da hantsi washegari Sufeto ta sauka a Nguru. Ta biya ta ofishin 'yan sandan garin, aka haɗa ta da Kofur Hizbullahi, suka hau Keke Napep zuwa kasuwa.

"Wushe, wushe, Hajiya," in ji Mahfuz mai atamfa, yana yi mata sannu da yaren garin, yana kakkaɓe mata kujera. Da ya ga hoton sai ya gyaɗa kai. "Ankon 'yan Gashuwa. A dunƙule suka kwashe."

"Ba wanda ya saya shi kaɗai?"

"Babu."

Sufeto ta zuba masa ido. Ya sosa ƙeya.

"To... sun ce kada in sayar wa kowa sai bayan biki. Amma turmi ɗaya ya rage, wata ta zo da hoton a waya tana magiya. Gumsu, mai kifin banda, can wajen tashar jirgi. Don Allah kada Hajiya Kaka ta ji."

Layin masu kifi ya turnuƙe da ƙaurin hayaƙi. Gumsu na zaune bayan tire, siririya, hijabinta ya rufe hannuwanta har yatsu duk da zafin ranar. Kofur ya tsaya daga nesa.

"Tarwaɗar nan ta yau ce?" Sufeto ta tambaya, tana cikin kayan gida.

"Ta yau ce, Hajiya. Ɗanɗana ki ji."

"Kamar na san fuskarki. Ba ke na gani a wani biki a Gashuwa ba?"

"Ni? Rabona da Gashuwa tun ina yarinya."

"To ƙulle min waccan ta can ƙarshe."

Gumsu ta miƙa hannu. Hijabin ya zame. Ga tsuntsu baƙi wuluk a wuyan hannun, ya buɗe fukafukai.

"Lallenki ya yi kyau. Wa ya yi miki?"

"Wata ce nan unguwarmu."

Sufeto ta ajiye katin aikinta a gefen tiren, ta ɗora wayar a kai, bidiyon a tsaye daidai kan hannun.

"Mai lallen unguwar taku ma 'yar Dagona ce?"

Kifin ya suɓuce daga hannun Gumsu.

"Kullum in na tashi daga gaban wuta, shafin Anti Hadija nake kallo," ta ce, muryarta can ƙasa. "Amare, ƙamshi kamar ka ji shi ta waya. Ni kuwa ko na yi wanka sau nawa, hayaƙi nake yi. Na ce bari in je in gani da idona."

"Mai zuwa kallo ba ta ɗinka ankon mutane, Gumsu. Ba ta kuma karɓar jakar baƙuwa a ƙofa."

Gumsu ta rufe fuska.

"Na shirya. Na san amarya ba ta da hannu ranar lalle. Na yi niyyar in sayar in bar sana'ar nan. Kayan suna gida, cikin buhun gero, ko buɗe akwatin ban yi ba."

"Kin san an ɗora wa Hadijatu laifinki?"

"Na gani a waya. Ban ci abinci ba tun jiya."

Sufeto ta kama hannun, ta juya shi a hankali.

"Da kin dirje wannan da kanwa da lemon tsami, da ya dusashe. Me ya hana ki?"

Gumsu ta shafa tsuntsun da yatsa.

"Tun da wutar banda ta ƙone ni, kowa ya ga wurin nan sai ya kau da kai. Ita ta riƙe hannun, ta ce min 'yar'uwa. Na ɗauko lemon, na yanka shi ma. Na kasa."

Kofur Hizbullahi ya matso da ankwa. Sufeto ta girgiza masa kai, ta ja wa Gumsu hijabin ya rufe hannun, ta roƙi maƙwabciyarta ta kula da tiren. Suka bi ta gida, akwatin na nan cikin gero kamar yadda ta faɗa. Daga nan aka sa ta a mota zuwa Gashuwa.

Kafin la'asar sarƙar ta koma wuyan Fatimatuzzahra. Hajiya Kaka ta tsaya a tsakar gida, gaban mata duka.

"Hadijatu, na zalunce ki, 'yata. Ɗauko wayar nan taki. Da bakina na ɓata ki, da bakina zan wanke ki. Ɗauke ni, har fuskar."

Hadijatu ta ɗaga wayar, ta ɗauke ta. Da ta gama sai ta matso kusa da Sufeto.

"Ranki ya daɗe, ita Gumsun... za a bari in kai mata abinci?"

"Za a bari."

Humaira ta ja rigar Sufeto ta baya. An ƙarasa kitson, har da duwatsu a jela.

"Anti, kin gani? Ummana ce ta yi."

"Na gani, uwata. Ya yi kyau."

Ke kuma 'yar'uwa da kike neman halalinki da waya, ki ci gaba da ɗora aikinki, ta nan masu biya za su same ki. Amma ki ɗora bayan kin fito daga gidan, ba kafin ki shiga ba. Kada ki rubuta rana, kada ki rubuta unguwa, kada ki nuna ankon mutane tun ba su sa ba. In kin isa ƙofa, riƙe jakarki da hannunki, ki dubi uwar amarya ki ce mata, "Hajiya, ni kaɗai na zo." Cikin masu yaba miki a waya akwai wadda ba lallen take kallo ba, kuma akwai yarinya a gida da ke jiran ki dawo ki ƙarasa mata kitso.